Motar Haya Zuwa Wurin Kawu Ilu

Tunda na dawo daga Holan ban huta da tambaya ba. In na je bakin kanal da safe duba ruwa, sai Malam Sani mai buɗe ƙofar ruwa ya dakata da aikinsa ya ce, "Malam Habu, wai da gaske ne can ruwa ne a sama, gari a ƙasa?" In na zauna majalisar yamma a Kura, Ɗanladi direban tarakta ba abin da yake son ji sai maganar mota. "Wai kai kaɗai aka danƙa wa mota sukutum, ba direba, ba yaron mota, ka tsallaka wata ƙasa da ita?" Nakan ce e, sai a kwashe da dariya, a ce lallai na sha daɗi. Ni kuwa sai in bar su a haka, don abin ba haka yake ba, kuma ba ya faɗuwa tsakanin la'asar da magariba ana ta katse mutum. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi tun daga farko, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Kowa ya san ni malamin gona ne a aikin ban-ruwan nan, kuma kwas aka tura ni na 'yan watanni, in ga yadda mutanen can suke sarrafa ruwa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne saƙon da na tafi da shi.

Ana jibi zan tashi na je Bunkure sallama da Inna. Na same ta tana tankaɗen kuka. Da muka gama gaisawa ta ce, "Habu, ƙasar da za ka, tana kusa da inda Ilu yake?"

Kawu Ilu ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya Hansai yake kiran ta. Kuku ne a Kano, a gidan wani Bature mai sayen gyaɗa da fata, wanda ma'aikatansa suke kira Mai Lofe. Da Baturen ya gama aikinsa, bayan samun 'yancin kai da kaɗan, sai ya tafi da Kawu ƙasarsu, Beljiyam, wai shekara biyu zai yi ya dawo. Lokacin ina firamare. Da farko ana samun saƙo, har ya taɓa aiko da hotonsa da adireshi a baya. Daga nan sai ɗif. An haura shekara goma. A cikin shirun nan ne kakata Iya, mahaifiyarsu, ta rasu.

Na ce wa Inna ban sani ba, amma zan bincika.

Ta ce, "In ka same shi, ka gaya masa Iya ta rasu. Da bakinka za ka gaya masa, kana kallon idonsa. An aika a takarda ba a ji komai ba. Sannan ka ce in ji ni ya dawo gida haka nan, ko da rigar wuyansa kaɗai." Ta ƙulle kuka da daddawa da barkono a tsumma, ta ba ni tare da hoton.

Da na isa Holan na duba taswira, sai na ga ashe maƙwabta ne, bai fi a ce daga Kano zuwa bayan Kaduna ba. Amma karatu bai bar ni na motsa ba sai ƙarshen shekara, da aka ba da hutun Kirsimeti. Shekarar ce Babbar Sallah ta faɗo daidai da bikin nasu. Gidan kwanan ɗalibai ya watse. Wani Basudane da muke salla tare, shi ya lissafa mini ranar Idi, sannan shi ma ya ɗauki jakarsa ya tafi Landan wurin danginsa. Na rage ni kaɗai a dogon bene, in na yi tari sai in ji bango ya maimaita mini. Na nuna wa malaminmu adireshin, ya ce ƙauye ne can kudu kusa da Faransa, jirgin ƙasa ba ya zuwa, bas kuma ba tabbas a lokacin biki. Ya ce tunda ina da lasin, in yi hayar mota.

Ku kun san yadda ake hayar mota a nan. Sai ka je tasha, a nemo maka direba, a yi ciniki har a yi kamar za a ɓata, wani dattijo ya shiga tsakani. Kafin a tashi maƙwabta uku sun ce su ma can suka nufa, wata ta kawo ƙullin saƙo, wani ya kawo akuya. Can kuwa wani ɗan ofis ne fes kusa da tashar jirgi, mace ɗaya a bayan tebur. Ta karɓi fasfo da lasin, ta karɓi kuɗin ajiya, ta nuna mini inda zan sa hannu. Ba ta tambayi ɗan wane ne ni ba, ba ta ce in kawo mai tsaya mini ba, ba ta ma tambayi wurin wa za ni ba. Ni da kaina na ce mata, "Wurin kawuna za ni, mun daɗe ba mu gan shi ba." Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Da kyau. A dawo da ita tanki cike."

Ta fito da ni ta nuna mini wata 'yar jar mota mai ƙofa biyu, ta zagaya ta tana nuna mini ƙujewar da ke jikinta, don kada a ce ni na yi. Ta miƙa mini makulli ta koma ciki saboda sanyi. Na zauna a gaban sitiyari na yi bisimilla, na waiwaya haka kawai, kamar akwai wanda zai ce mini Allah ya kiyaye hanya. Da na ga ba kowa, sai na faɗa wa kaina.

Tuƙin bai ba ni wuya ba, tunda mu ma mun riga mun koma hannun dama. Gilashi ne ya fara ba ni wahala. Ban yi nisa ba sai ya yi hazo daga ciki, ban ganin komai. Na goge da hannun riga, ya sake. Na cire hulata na goge, ya sake. Sai na sauke gilashin gefe, hazon ya tafi, amma iska ta shigo kamar ana yankar kunnena da reza. Haka na yi ta tafiya, hannuwana sun ƙage a kan sitiyari, hanci yana zuba, har na tsaya a wani gidan mai. Mai sayar da man, wani ƙato mai jan gemu, ya dube ni ya dubi gilashin da ke buɗe. Sai ya zuro hannu ya ja wani ɗan maɓalli. Nan take iska mai ɗumi ta buso mini a ƙafa. Ashe tun daga ofishin nake zaune da wuta a gabana. Na yi dariya, shi ma ya yi, na so mu ɗan taɓa hira, amma wata mota ta tsaya a bayana, ya juya.

Hanyoyinsu ba rami, ba jaki, ba mai talla. Kuma ba a danna hon. Ni na saba in na wuce mutum a hanyar Kadawa in ɗan taɓa masa hon a gaisa. Da na yi wa wasu masu keke haka, ɗaya ya kusa faɗawa kwata, ya ɗago hannu yana ta masifa. Daga nan na daina.

Wajen hantsi aka fara yayyafi. A wata ƙaramar hanya na hango wata tsohuwa tana tafiya a ƙasa, jaka a kowane hannu, ta sunkuyar da kai. Na ga kamar Inna ce ta dawo daga kasuwar Bunkure. A wurinmu wa zai wuce tsohuwa cikin ruwa da mota ba kowa a ciki? Na taka birki, na buɗe mata ƙofa, na ce da Turanci, "Mama, shigo in rage miki hanya." Ta dube ni. Ta ja da baya har ta taka ciyawa, ta rungume jakunkunanta a ƙirji. Na sake magana a hankali, ta ƙara ja da baya. Sai na gane tsoro take ji. Na rufe ƙofar na ja motata. Na daɗe ina tuƙi abin yana raina. Ban ji haushinta ba. Abin da ya dame ni shi ne, a duk faɗin ƙasar nan ba mutum ɗaya da zai ce mata, "Haba, ai Habu ne, ɗan gidan Malam Audu."

Kan iyaka kuwa na yi masa shiri sosai. Na taɓa raka wani ɗan'uwa Damagaram, na san yadda ake yi: a sauke kowa, a kwance kaya, a tambaye ka garinku da sunan mai garinku, ku yi musu, ku shirya, har ɗan kwastan ya ba ka ruwa. Don haka na fito da fasfo da takardun mota na ajiye a kujerar gefe, na tsara amsar da zan ba da a kan ƙullin Inna, don daddawa ba ta ɓoyuwa, duk motar ta ɗauka. Da na iso sai na ga wani ɗan ɗaki da tuta, sandar tare hanya a ɗage. Na tsaya. Akwai mutum a ciki da kaki, yana karanta jarida. Na jira. Ya ɗago kai, ya yi mini alama da yatsu biyu in wuce, ya koma kan jaridarsa. Wallahi sai na ji ba daɗi. Tun safe nake ɗokin wurin nan, don na san ko ba komai wani zai tambaye ni sunana da inda na fito.

A Beljiyam na ɓata. Akwai wani babban gari da zan bi ta cikinsa, na rubuta sunansa a tafin hannuna, ina ta bin allunan hanya. Can sai sunan ya ɓace ɗungurungum, wani suna daban ya maye gurbinsa. Na ɗauka na wuce mararraba, na juyo. Sunan ya dawo. Na sake miƙawa, ya sake ɓacewa. Na yi ta kai da kawowa a hanya ɗaya kamar mai neman kuɗin da ya yar. Rana kuma ba a ganinta balle in san gabas, sama duk fari fat kamar an kifa ƙwarya.

Na tsaya a bakin wata masana'anta da ma'aikata suke fitowa. Na tari mutum biyu da taswira, suka ɗaga kafaɗa, ba sa jin Turancin Ingila. Na uku wani siriri ne mai gashin baki, da hular ulu. Ya dubi hulata ya ce, "Assalamu alaikum."

Ban san lokacin da na kama hannunsa da hannu biyu ba. Mutumin Maroko ne. Ba ya jin Turanci, ni ba na jin Faransanci, Larabcina kuwa na allo ne. Amma ya gane matsalata. Ya nuna suna na farko, ya nuna na biyu, ya haɗa yatsunsa biyu wuri ɗaya. Ashe gari ɗaya ne, mutanen arewacin ƙasar suna kiransa da harshensu, na kudu da nasu, kowa kuma ya ƙi rubuta na ɗan'uwansa. Ya ja ni wani ɗaki a bayan masana'antar inda suke ajiye kaya, ya nuna mini famfo da alƙibla, na rama azahar da la'asar a kan kwali. Ya zuba mini shayi mai na'ana'a daga fulas ɗinsa, ya ba ni dabino. Ya ce, "Id, gadan," wato gobe Idi. Na ce, "Na'am, gadan." Iyakar hirarmu ke nan, amma muka yi ta maimaita ta muna dariya. Da zan tafi ya dafa kan motar ya karanta Fatiha, na shafa.

A ƙasar nan lokacin sanyi, la'asar sakaliya duhu ya rufa. Ban yarda in nemi ƙauye a duhu ba, sai na tsaya a wani ƙaramin masauki a bakin hanya. Wata mata mai jiki ce take riƙe da shi, da karenta da yake kwance a kan kujera mai laushi kamar mai gida. Ta ba ni ɗaki a sama. Banɗakin ba buta, sai na juye furannin roba da ke cikin wani ɗan tulu na yi amfani da shi, da safe na mayar. Da ta tambaye ni abinci, na rasa yadda zan ce ban da alade, sai na tura hancina sama da yatsa na yi gurnani, na girgiza kai. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta kawo mini soyayyen dankalin Turawa da wani farin abu mai maiƙo a kai, da ƙwai, da burodi.

Ni kaɗai ne baƙo. Daren bikinsu ne, 'ya'yanta da jikokinta sun zo, suna ɗakin da ke kusa, ƙofa a ɗan buɗe. Ina jin ƙarar cokula, ana waƙa, wani jariri yana kuka ana lallashinsa. Na zauna a ɗakin cin abinci mai tebura da yawa, ni da karen. A gidanmu, daren Sallah, in baƙo ya sauka ko ba a san daga inda ya fito ba, ai tare za a sa hannu a akushi. Ba na cewa matar ba ta da kirki. Ta leƙo ta ajiye mini yankan wani burodi mai zaƙi, ta ce wani abu mai daɗin ji, sannan ta koma ta ja ƙofar. Na tuna a daidai lokacin nan yara suna zagaya raguna a ƙofar gida, 'yan mata sun ƙunshe ƙafa da lalle, Inna tana jiƙa shinkafar waina. Na kasa cinye dankalin.

Da safe na sa farar rigata da na taho da ita saboda Idi, na ɗora kwat a kai. Ƙauyen bai yi nisa ba. Ko'ina a rufe, ba kowa a titi sai ƙarar ƙararrawar coci. Na sami gidan a ƙarshen layi, tsohon gini na jan bulo, da lambu da ya bushe. Na ƙwanƙwasa.

Wanda ya buɗe wani tsoho ne baƙi, ɗan gajere, kansa fari, da rigar sanyi irin tasu da tawul a kafaɗa. Na san Kawu Ilu da ƙiba da dariya. Wannan kuwa sai idon kaɗai na gane, irin na Inna ne. Ya yi mini magana da Faransanci.

Na durƙusa a bakin ƙofar na ce, "Kawu, ina kwana? Habu ne. Habun Yaya Hansai."

Ya tsaya kamar an dasa shi. Can ya ce, "Lafiya... lafiya lau." Ya sake cewa, "Lafiya lau," kamar yana ɗanɗana kalmar. Sannan ya kama kafaɗuna ya ɗaga ni, ya ce, "Habu da na bari yana kiwon akuya? Shigo, shigo, sanyi zai kashe ka."

Ya kai ni kicin, nan ne wurin zamansa. Hausarsa da farko tana fita a guntule, yana tsayawa neman kalma, wani lokaci Faransanci ya riga ta fitowa sai ya ji kunya. Ya ce rabon da ya yi Hausa da mai amsa masa tun kafin ciwon Maigida, wato Mai Lofe. Ya dubi farar rigata ya ce, "Wannan ado fa?"

Na ce, "Kawu, ai yau Sallah. Babbar Sallah."

Ya ce, "Yau?" Ya zauna a kan kujera a hankali. "Yau Sallah." Ya ce yana salla, yana kuma azumi in ya ƙiyasta lokaci ya yi, amma lissafin wata ya daɗe da kuɓuce masa, don a nan ba a ganin wata, ba kuma wanda zai tambaya.

Muka yi alwala a wurin wanke kwanuka. Ya ture tebur, ya shimfiɗa bargo. Ya ce in ja mu, na ce shi ne babba, ya ce, "Kai ka zo da ita, kai za ka ja." Muka yi raka'a biyu mu biyu, tukunya tana tafasa a bayanmu.

Da muka shafa ban bari mun tashi ba. Na juyo na fuskance shi yadda aka umarce ni. Na ce, "Kawu, Inna ta aiko ni da magana. Sai haƙuri. Iya ta rasu, damina biyu ke nan."

Bai yi kuka nan da nan ba. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya tambaya ko ta sha jinya, na ce kwana kaɗan ne. Ya tambaya wa ya yi mata salla, na faɗa masa. Ya ce, "Ta ambace ni?" Na ce har ranar ƙarshe. Sai ya ja tawul ɗin kafaɗarsa ya rufe fuska. Na bar shi, ina kallon bargo.

Wata 'yar ƙararrawa ta kaɗa daga cikin gida. Ya miƙe nan take, ya share ido ya ce, "Maigida ne. Zo ka gan shi."

Mai Lofe yana kan keken guragu kusa da taga, bargo a gwiwa, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Matarsa ta daɗe da mutuwa. 'Ya'yansa biyu suna manyan birane, Kawu ya ce sukan zo, amma bana sun aiko da kati. Tsohon ne dā yake karanta wa Kawu saƙo ya rubuta masa amsa, tunda ya kwanta kuwa takardu sai dai su taru, 'yarsa mace ta kwashe in ta zo. Kawu ya goge masa baki, ya gyara masa matashi, ya ce da Hausa, "Maigida, ga ɗana daga Kano." Tsohon ya dube ni da ido ɗaya mai rai, ya yi ta ƙoƙari, da ƙyar ya ce, "Madalla."

Na kawo ƙullin Inna daga mota. Kawu ya kwance, ya kai daddawar hancinsa ya daɗe bai sauke ba. Ba rago, ba kanti a buɗe, sai kaza da ya tanada saboda bikin Maigida. Ya tuƙa tuwo da garin alkama, ya kaɗa miyar kuka. Sai da ya fara ba tsohon a baki da cokali, sannan muka zauna a ƙasa muka sa hannu a kwano ɗaya. Yana ci yana tambaya. Wane yana nan? Ya rasu. Wance fa? Tana Dawakin Kudu da jikoki. Na ba shi labarin dam da kanal, na ce yanzu da rani ana noman alkama da tumatir a inda dā sai ƙaya. Ya ce, "Ruwa da rani? A Bunkure?" Ya tambayi tsamiyar da ke gonarsu. Na ce injin ya tuge ta lokacin da ake baje ƙasa, amma an ba su wani filin a madadin nasu, Inna ta sa ana noma masa rabonsa. Ya daɗe yana juya lomar da ke hannunsa.

Sai na isar da sauran saƙon. Na ce, "Inna ta ce ka dawo gida haka nan, ko da rigar wuyanka kaɗai. Kawu, ga mota a waje. In ka yarda mu tafi Holan tare, in na gama kwas mu hau jirgi ɗaya."

Ya dubi ƙofar ɗakin tsohon. Ya ce, "In na tafi, wa zai juya shi? Sai a kai shi gidan da ake tara tsofaffi, ba zai yi wata ba. Mutumin nan, lokacin da na yi ciwon huhu, shi ya kwana a kujera a asibiti. Ba zan bar shi a kan keke in tafi ba." Ya ƙara da cewa, "Abin da nake tsoro ɗaya ne, Habu. Kada in riga shi. In na riga shi, wa zai yi mini wanka a garin nan?"

Na ce akwai Musulmi a masana'antar da na wuce, na kwatanta masa wurin, na ce ya neme su. Ya gyaɗa kai, amma na san ba ya iya barin gidan na tsawon haka.

Dole in mayar da mota washegari, kuma ina so in wuce inda na ɓata tun da sauran haske. Da azahar ta yi na ce zan kama hanya. Ya kwantar da tsohon, ya sa kwat ya ce zai raka ni bakin layi. Ya shiga gaba ya zauna, yana shafa kujerar. A bakin layi na rage gudu, ya ce, "Ɗan ƙara gaba." Muka wuce cocin. Ya ce, "Ƙara kaɗan, ka ci gaba da magana." Na ce me zan ce? Ya ce, "Ko mene ne. Faɗa mini unguwannin da za ka bi daga tasha zuwa gidanmu." Na yi ta faɗa, yana gyara mini inda na tsallake. Muka bar gidajen ƙauyen, muka shiga gonaki. Na ƙi taka birki, shi ma bai ce in tsaya ba, har na fara jin ko ya canja shawara ne.

A wata 'yar gada ya dafa hannuna. Ya ce, "Tsaya nan. Lokacin juya shi ya kusa."

Na ce bari in mayar da shi, ya ce a'a, yana so ya taka. Ya fita, ya zagayo ta gefena, na sauke gilashi. Ya ce in gaya wa Yaya Hansai ya ji, kuma in Allah ya sauke masa wannan nauyi zai zo, ta yafe masa. Na ce to. Na ce, "Kawu, sai wata rana."

Ya ce, "A'a, kada ka ce haka. Wata rana ta yi nisa. Faɗi yadda ake faɗa in mutum zai je gona ya dawo."

Na ce, "Sai an jima, Kawu."

Ya ce, "Yauwa. Mu jima da yawa."

Ya juya ya kama hanyar ƙauyen, hannuwa a aljihu, yana sauri saboda tsohon. Ban tayar da motar ba sai da ya sha kwana.